Yadda zaka fara tuƙa ƙaramin jirgin rimot a Kumasi da ɗan kuɗin da kake da shi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Samari da yawa a zango, daga Aboabo zuwa Asawase har Tafo, suna ganin bidiyon ƙananan jiragen nan na rimot a YouTube da TikTok sai sha'awa ta kama su, kuma tambayar farko da kowa ke yi ita ce wane jirgi zan saya. Toh ni abinda nake faɗa wa kowa shi ne jirginka na farko zai faɗi, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ko kai waye, don haka tun wurin saye ka zaɓi wanda in ya faɗi zaka ɗauka ka manna da gam ka sake tashi a ranar.

Kar ka fara da jirgin yaƙi. Na san su ne suke ɗaukar ido, irin su Spitfire da Mustang da F-16, amma waɗannan gudu gare su kuma ba sa yafiya, kafin ka gama tunanin wane gefe zaka karkata ya riga ya sha ƙasa. Wanda kake buƙata shi ne mai fiffike a sama da gangar jiki, wanda in ka kalle shi ta gaba zaka ga fukafukan sun ɗan ɗago sama ta bakinsu, wannan ɗagowar ce take sa in ka saki rimot jirgin ya nemi daidaita kansa da kansa. In ka samu wanda farfelarsa take bayan fiffike tana tura shi, irin su Bixler ko Sky Surfer masu faɗin fiffike wajen mita 1.4, to ka dace, saboda duk faɗuwar ɗan koyo da hanci ake yinta, kaga farfela da moto suna can baya babu abinda ya same su, hancin fom ne kawai zai lotsa. A duba kuma irin fom ɗin, EPO ko EPP ake so, EPP ɗin ma ya fi jure duka don lanƙwashewa yake ya dawo.

Akwai ƙananan da suke zuwa da komai a kwali ɗaya, rimot da batir da caja, kamar Volantex Ranger 600 ko WLtoys F949. Ba laifi in abinda aljihu ya iya ke nan, yawancinsu ma suna da jairo da ke taimaka maka riƙe jirgin daidai. Matsalarsu biyu ce, ba su da nauyi don haka iska kaɗan sai ta tafi da su, sannan rimot ɗinsu galibi nasu ne su kaɗai, ranar da jirgin ya mutu rimot ma ya zama kayan ajiya. Ni dai ra'ayina in zaka iya ƙara haƙuri ka tara sidi ɗinka, ka zuba kuɗin a rimot mai kyau da caja mai kyau, jirgin kuma ka sayi mafi araha, domin jirgi zai tafi ya bar ka amma waɗannan biyun shekaru zaka yi da su. FlySky FS-i6 shi ne wanda masu ƙaramin ƙarfi suka fi kamawa a ko'ina, yana aiki a kan 2.4GHz, canel 6 gare shi, wato abubuwa shida daban-daban zai iya sarrafawa a jirgi, yana iya ajiye saitin jirage har 20, batir ɗinsa kuma irin na AA ne guda 4 da ake samu a kowane kiyos. In zaka yi oda ka ce Mode 2 kake so, wato totur, sandar ƙara wa moto wuta, a hannun hagu, don yawancin darussan da zaka gani a bidiyo da shi ake yinsu.

Mai son ya ƙera nasa da hannu kuma, wanda gaskiya shi ya fi koyar da mutum, kayan da ake haɗawa sanannu ne: moto A2212, in mai 1000KV ne (KV shi ne ma'aunin saurin juyawar moto) farfela 10x4.5 ake sa masa (lambar farko tsawonta ne a inci, ta biyu karkatarta), in mai 1400KV ne 8x4 ko 8x6, in mai 2200KV ne 6x4, sai ESC mai 30A wanda shi ke sarrafa gudun moto kuma shi ke ba risiba, wato na'urar da ke karɓar sigina daga rimot a cikin jirgi, wutar 5V, sai sarbo, ƙananan motocin da ke motsa faifan fiffike da na wutsiya, 'yan gram 9 irin SG90 guda uku ko huɗu, sai batir irin LiPo 3S, wato mai sel uku a haɗe, mai 2200mAh. Kar ka ce bari in sa babbar farfela a moto mai KV da yawa don ya fi ƙarfi, wuta zai ja fiye da kima ya ƙone maka ESC. In baka iya haɗa waya da dalma ba, masu gyaran waya a Adum wajen PZ zasu haɗa maka kan XT60, wato filogin da ake jona batir da shi, cikin minti kaɗan, ka tsaya a kansu dai ka tabbatar ja ta tafi wurin ja, baƙa wurin baƙa, don juya su sau ɗaya ya isa ya kashe ESC. Batun oda daga Sin kuma ka sani batir LiPo ba ko wane kamfanin kaya ke yarda ya ɗauko shi ta sama ba, don haka ka tambayi ejan ɗinka tun kafin ka tura kuɗi ta MoMo. In wani ɗan'uwa ne zai taho maka da shi daga tafiya, a jakar hannu ake sa shi ba a akwatin da ake aunawa ba, 3S 2200 ɗin wajen 24Wh ne, yana ƙasa sosai da iyakar 100Wh da kamfanonin jirage suka sa.

Kafin kayan su iso kar ka zauna jira. Sauke PicaSim, manhajar koyon tuƙin jirgin rimot ce, kyauta ce, akwai ta waya akwai ta kwamfuta, in rimot ɗinka ya riga ya zo ka nemi kebul ɗinsa na USB ka jona da kwamfuta ka dinga tashi kana sauka har yatsunka su daina tambayarka. Faɗuwa ɗari a can ba ta cin ko pesewa ɗaya.

Yanzu maganar wuri, wadda mu mutanen zango ta fi shafa. Filin jirgin Kumasi, wanda yanzu ake kira Prempeh I, yana nan a hancinmu, mutanen Aboabo da Sawaba da Dichemso da Buokrom kullum jirage na wucewa ta kansu ƙasa-ƙasa. Don Allah kar wanda ya tashi jirgin rimot a unguwannin nan, ko da na wasan yara ne, haka kusa da fadar Manhyia ko barikin soja ko asibiti. Hukumar GCAA mai kula da sufurin sama a Ghana tun 2016 take rajistar jirage marasa matuƙi, ƙa'idarta kuma kar a wuce ƙafa 400 sama, wato wajen mita 120, kar jirgi ya ɓace wa idonka, kuma a yi nesa da filin jirgi, ka tuntuɓe su kan rajistar naka tun kafin wani ɗan sanda ya tuntuɓe ka. Ka shiga trotro ka fita bayan gari, hanyar Ejisu ko Offinso ko Mampong, ka nemi fili wanda ya kai filin ƙwallo ko ya fi, mai ciyawa, babu wayar wutar ECG babu eriyar waya kusa. Kumasi garin itatuwa ne, kuma daga nesa itace yakan yi kamar yana bayan jirginka alhali yana gabansa, don haka ka bar musu tazara fiye da yadda idonka ya ce. In filin makaranta ne ka gaida hedimasta ka nemi izini, in gona ce ka nemi mai ita. Lokaci kuma babu kamar bayan sallar asuba da gari ya waye zuwa wajen ƙarfe takwas, iska na kwance, yara basu fito ba. Da rana ta take ƙasa zata ɗau zafi iska ta fara tashi tana wujijjiga ƙaramin jirgi. Kalli ganyen itace, in rassa na kaɗawa ka bari sai gobe.

Abinda ya fi kashe jirage a tashin farko ba rashin iya tuƙi ba ne, rashin dubawa ne a ƙasa, shi ya sa zan daɗe a nan.

Na farko ma'aunin nauyi, abinda zaka ga an rubuta CG a takardar jirgin. Sa batir a mazauninsa kamar zaka tashi, sannan ka ɗora jirgin a kan yatsunka biyu ta ƙarƙashin fiffike, dama da hagu kusa da gangar jiki, a wurin da takarda ta nuna. In babu takarda ka auna faɗin fiffiken daga gaba zuwa baya, ka ɗauki tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga bakin gaba, misali in faɗin santimita 20 ne to daga santimita 5 zuwa 6 da rabi. Jirgin ya tsaya daidai ko hancin ya ɗan sunkuya kaɗan. In wutsiya ce ta rinjaya kar ka kuskura ka jefa shi, zai yi ne kamar aboboyaa, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da aka jibga wa kaya a can ƙarshen baya, gaba ya ɗage sitiyari ya daina jin magana. Matsar da batir gaba har ya daidaita, in bai isa ba ka manna kwabbai a hanci da salatif, sannan ka ɗaure batir ɗin sosai ka yi masa alama da biro don kar ya zame a sama.

Na biyu, tsarin kunnawa. Rimot ake fara kunnawa totur yana can ƙasa, sannan a jona batir ɗin jirgi. Wurin kashewa kuma batir ɗin jirgi ake fara cirewa. Duk wani saiti da zaka yi a ɗaki ka cire farfela tukuna, wallahi wannan 'yar robar tana yanka yatsa har ƙashi, kuma moto na iya tashi da kansa in aka juya canel ɗin totur cikin kuskure.

Na uku ka tsaya a bayan jirgin kana kallon inda hancinsa ke kallo. Jawo sandar dama zuwa cikinka, faifan wutsiya na kwance ya ɗaga sama. Tura ta dama, faifan fiffiken dama ya ɗaga na hagu ya sauka. Tura sandar hagu dama, faifan wutsiya na tsaye ya karkata dama. In ɗaya ya yi akasin haka ka shiga saitin rimot ka juya canel ɗin. Wannan dubawar kowane tashi ake yinta, ba ranar farko kaɗai ba, don mutum na iya zaɓar saitin wani jirgi a rimot bai lura ba. In moto na juyawa baibai, wato iska na fita ta gaba, ka musanya kowane biyu cikin wayoyi ukun da ke tsakanin ESC da moto. Farfela kuma gefen da aka rubuta lamba shi ke kallon inda jirgi zai nufa, ko a gaba take ko a baya, mutane da yawa suna juya ta a jirgin turawa sai su ji ƙara amma babu ƙarfi.

Sai ka saita abinda jirgi zai yi in sigina ta yanke. A FS-i6 yana cikin saitin risiba, ka sa totur ya koma sifili, sannan ka gwada ba farfela, ka ba shi wuta kaɗan ka kashe rimot ka gani ko moto ya tsaya. In baka yi wannan ba ranar da sigina ta ɓace jirgin zai ci gaba da tafiya har batir ya ƙare, Allah kaɗai ya san kan wa zai sauka. Wayoyin eriya biyu na risiba ka raba su, ɗaya a miƙe ɗaya a gicciye, nesa da batir, sannan abokinka ya riƙe jirgin kai kuma ka yi nisa da rimot kana motsa sanduna yana faɗa maka ko komai na amsawa ba rawa.

Toh an zo tashi. Fuskanci iska, ka tsinki ciyawa ka watsa ka ga inda take zuwa, rana kuma ta kasance a bayanka. In da hali wani ya jefa maka don hannayenka biyu su kasance a kan rimot. Totur wajen kashi uku cikin huɗu, a jefa shi a miƙe kamar ana nufin wani abu can gaba daidai tsayin ido, ba sama ba. Wanda ya cilla shi sama gudun zai ƙare, fiffike ya rasa iskar da zai riƙe, hanci ya faɗo. Bar shi ya ɗau gudu sannan ka ɗaga a hankali ka hau sama sosai, sama da itatuwa ninki biyu ko uku. Ɗan koyo yana ganin kusa da ƙasa ya fi aminci, alhali a sama ne kake da lokacin gyara kuskure. Da ka hau ka rage totur zuwa rabi, zaka ga komai ya lafa.

Sanduna kaɗan-kaɗan ake taɓa su. Wurin juyawa ka ɗan karkata fiffike, ka mayar da sanda tsakiya, ka ɗan jawo don kar hanci ya nutse, in ya gama kwana ka karkata ɗaya gefen ya daidaita. In ka riƙe sandar a gefe baka saki ba zai ci gaba da mirginawa har ya soko ƙasa yana juyi. Wurin da kowa ke ruɗewa shi ne in jirgi ya juyo yana fuskantarka, damansa ta zama hagunka. Dabarar ita ce ka kalli fiffiken da ya yi ƙasa ka tura sanda ta gefensa, kamar zaka tokare shi, zai ɗago. In kai ya ɗaure gaba ɗaya ka rage totur ka saki sanduna, jirgin koyo mai kyau zai nemi daidaita. Kuma jirgin ya zauna a gabanka ta inda iska ke fitowa, kar ka bari ya wuce bayanka ko ya bi iska ya yi nisa, dawowa da shi wahala ne. Shirwa da hankaka sukan biyo shi musamman lokacin da suke da ƙwai, in ka ga haka ka sauko ka ba su wuri.

Kar ka jira batir ya ƙare kafin ka fara tunanin sauka, sa agogo minti 6 a farko. Ka zagayo ka fuskanci iska daga nesa, ka rage totur jirgin ya dinga saukowa da kansa, fiffike a daidai, in ya kusa ƙasa kamar tsayin gwiwa ka kashe totur ka ɗan jawo sanda ya zauna da ciki a kan ciyawa. In ka ga zai wuce fili ka ƙara wuta ka sake zagayowa, babu kunya a ciki. In kuma moto ya ɗauke a sama saboda batir ya yi ƙasa kar ka firgita, ESC ne ya yanke shi amma sarbo suna nan da wuta, ka sunkuyar da hanci kaɗan ka lallaɓo shi ƙasa. Yara kuwa dole zasu taru ko daga ina, ka sa babba ɗaya ya tsayar da su a bayanka kuma kar kowa ya ruga ɗauko jirgi sai ka cire batir.

Batir ɗin nan shi ne abin tsoro a harkar gaba ɗaya, don gidajenmu na zango a manne suke, ɗaki na jikin ɗaki, ga katifa ga labule. Kowane sel na LiPo 4.2V ne in ya cika, wato 3S ya kai 12.6V, kuma ana so in ka sauka ka auna ka ga kowane sel bai gaza 3.6 zuwa 3.7 ba. Wanda ke shanye shi ƙasa da haka zai ga batir ya fara kumbura. Caja mai daidaita sel ake amfani da ita, irin IMAX B6, a jona babbar waya da ƙaramar farar nan mai wayoyi huɗu, a zaɓi LiPo, a zaɓi 3S, batir 2200mAh kuma a ba shi 2.2A kar a wuce. Jabun B6 sun cika kasuwa, don haka ka ari mita ka auna bayan caji ka ga ko da gaske 4.2 take tsayawa. Ka yi caji a kan siminti, cikin tukunyar ƙasa ko gwangwanin ƙarfe da yashi a kusa, kana wurin, ba ka jona ka tafi masallaci ko ka kwanta barci ba. Batir da ya sauko da zafi a bar shi ya huce tukuna. In an ɗauke wuta B6 tana karɓar 12V kai tsaye daga batirin mota, wannan ma shi ke sa ta yi amfani a fili. In zaka kwana biyu uku baka tashi ba kar ka ajiye shi a cike, cajar tana da saitin ajiya da ke kai kowane sel 3.8V, ka sa shi a inuwa, ba cikin mota a rana ba kuma ba ƙarƙashin kwanon rufi ba.

Gyara kuma. Bayan kowace faɗuwa ka tsince duk ɓarɓashin fom ka zuba a leda, ko ƙarami ne, haɗa su ya fi cike gurbi sauƙi. Super Glue tana narkar da farin fom irin na kwalin firij da kuma fom ɗin Depron, EPO da EPP suna jure ta, amma dai ka ɗiga a wani gutsure ka gani kafin ka sa a jirgi. Gam ɗin UHU Por ya fi dacewa da fom in ka samu. Gam na bindiga yana da sauri a fili sai dai yana da nauyi kuma zafin ranarmu na sa shi laushi, don haka mazaunin moto da Araldite ake kama shi. In gangar jiki ta karye biyu ka soka tsinken cicinga biyu ko uku a ciki su ratsa karayar sannan ka manna, wurin zai fi da ƙarfi. Hancin EPO da ya lotsa ka zuba masa ruwan zafi kaɗan-kaɗan zaka ga yana kumburowa yana dawowa, ka cire kayan wuta tukuna. Tun jirgi na sabo ka bi bakin fiffike da ƙarƙashin ciki da faffaɗan salatif na ɗaure kwali. Duk gyaran da ka yi, musamman a wutsiya, ka sake ɗora shi a yatsu, gam ma nauyi ne.

Farfelar da ta tsage ko ta gutsure a yar da ita, ba a manna ta, ka sayi biyar ko shida tun farko. Jar ƙasarmu tana da ƙarfe a ciki, maganaɗisun moto kuma yana jawo shi, don haka in ka sauka a turɓaya ka juya moto da hannu, in ka ji ƙaras-ƙaras kar ka ba shi wuta, ka hure shi ka bi da tsohon buroshin haƙori, boris ɗin kuma ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya isa. Kar ka ajiye moto a teburin da ake goge ƙarfe, 'yan Suame Magazine sun san abinda nake nufi. Sarbo in ya fara ƙara yana tsallake to haƙoran robarsa sun cinye, canza shi, MG90S mai haƙoran ƙarfe ya fi daɗewa. Robar da ke ɗaure fiffike rana na cinye ta, ka ja ta ka duba kafin ka yarda da ita. In ka sauka ka taɓa moto da ESC, in yatsa ba zai iya zama a kai ba to farfelar ta yi girma ko iska ba ta shiga ciki.

Lokacin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu hazo na haɗiye farin jirgi tun bai yi nisa ba, ka manna salatif mai ruwan lemu ko ja a ƙarƙashin fiffike, saman kuma wani launi daban, don ka gane ko cikinsa kake gani ko bayansa. Da damina kuma raɓar safe da jiƙaƙƙiyar ciyawa ke shiga risiba, in ya jiƙe ka cire batir nan take ka buɗe shi ya bushe a inuwa kwana ɗaya kafin ka sake jonawa. In ya maƙale a itace a nemi gora mai tsawo, in kuma a kan wayar wuta ne ka bar shi, kar kai ko wani yaro ya hau ko ya zungura da sanda.

Batirin da ya kumbura ko ya lanƙwashe a faɗuwa kar a sake cajinsa. Fitar da shi waje kan yashi, ka jona masa ƙwan fitilar mota na 12V ya shanye wutar har mita ta nuna sifili, sannan ka kai wa masu karɓar tsofaffin kayan lantarki. Kar a jefa shi a bola, a unguwanninmu ana cinna wa bola wuta kuma yara na tone ta.